Teburin Mutum Biyu: Shafi na 23

Masu ƙorafin na bar Mal-sun a tashar mota kwana uku tana rungume da jaka, na ji, laifina ne. Ga ta nan ta iso Seoul. Ku kuma da kuka yi mata caa a ƙasan shafin baya, ku ɗan sassauta, uwa ce.

*

Ƙarfe biyar da kwata Mal-sun ta hauro daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Hyehwa, tana dafe da gwiwa, tana tsine wa wanda ya gina matattakalar nan a ranta. Rabonta da abinci tun asuba. Awa uku a mota daga Gunsan, ko ruwa ba ta kurɓa ba don kada fitsari ya matsa mata a hanya.

Tikitin yana cikin aljihun rigarta ta ciki, ta soke shi da fil. Ƙarfe bakwai za a fara wasan. Layin ƙarshe, kujerar lungu, inda hasken dandamali ba ya kaiwa. Da gangan ta zaɓe ta.

Shekara bakwai ba ta sa Du-yeol a ido ba, ɗanta tilo, tun ranar da ya ajiye karatun haɗa magunguna saura shekara ɗaya ya gama, ya ce shi wasan kwaikwayo zai yi. Yau so take ta gan shi, shi kada ya gan ta. Ta kalla, ta koma rumfarta ta busasshen kifi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Amma kafin nan sai ta ci abinci. Likita ya ja mata kunne, mai ciwon suga ba ya wuce ƙarfe shida da ciki wayam. Ga yatsunta ma sun fara 'yar rawar nan tasu.

Gidan gashin nama ta fara shiga, don ƙamshin ya tare ta tun daga titi. Wata budurwa mai jan gashi ta taro ta da murmushi.

"Sannu da zuwa, Mama. Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Murmushin ya ragu.

"Ayya Mama, daga mutum biyu muke farawa."

"To kawo na mutum biyun, ni zan cinye."

"Ba naman ba ne, teburin ne. Kin ga yau Asabar."

"Ga tebur uku can babu kowa."

"An kama su."

"Aljanu ne suka kama?"

Budurwar ta sunkuya kamar mai ba da haƙuri, amma hannunta ƙofa yake nunawa.

Mal-sun ta fito tana huci. Ba ta yi taku goma ba ta taka ruɓaɓɓen ɗan itacen ginko, wari ya biyo takalminta. Ta goga a gefen kwalta, ta goga, warin nan ya ce yana nan.

Gida na biyu babu ma mutum a ƙofa, wani allo ne mai haske, wai sai ka danna lambar wayarka a sa ka a layi. Ta cire tabarau ta mayar. Ta danna, allon ya yi ja. Ta sake dannawa, ya koma farko. Saurayi da budurwar da ke bayanta, riga iri ɗaya, takalmi iri ɗaya, suka ja dogon numfashi tare.

"Kaka, in danna miki?"

"Kakarka tana gida."

Da ƙyar allon ya karɓa. Ya rubuto mata: mutum talatin da ɗaya ne a gabanki.

Ta yi tsaki ta wuce.

Gida na uku kuwa har sun rubuta a gilashi, MAI CI SHI KAƊAI, BISMILLAH. Ta ce yauwa. Tana tura ƙofa ta tsaya. Dogayen kujeru ne kamar na aski, an jera su fuska ga bango, an raba kowa da kowa da katako. Kowa ya kifa kai a kwanon taliya da waya a gaba, kamar ɗaliban da aka yi wa horo.

"Mama, ga gurbi ɗaya can ƙarshe."

Ta dubi tsawon kujerar, ta dubi gwiwarta.

"Da tsani kuke bayarwa?"

"Na'am?"

"Babu shinkafa?"

"Taliya kawai muke yi."

Taliyar da likita ya hana ta. Ta juya.

A bakin titi ta tsaya, mutane suna ture ta hagu da dama. Shekara bakwai tana cin abinci ita kaɗai a bayan rumfa, kwano a cinya, ba ta taɓa jin komai ba. Sai yau, a garin nan, kowace ƙofa sai an sa ta faɗa da bakinta. Ku nawa ne? Ni kaɗai. Ku nawa ne? Ni kaɗai. Kamar da gayya.

Shida saura ashirin. Gumi mai sanyi ya fara tsatsafo mata a goshi.

Ta kutsa wani lungu. Gidan kaza mai yaji ne a ƙarshensa, irin wadda ake soyawa da kabeji a faffaɗan kasko a tsakiyar tebur. Tun kafin ta ƙarasa ta jiyo murya.

"Kai, dube ni da kyau! Na yi maka kama da wadda ba za ta iya cinye kasko ɗaya ba?"

Wata gajeriyar mata ce mai kauri, gashi a nannaɗe, jakar hannu ja, ta tare ƙofa tana nuna mai gidan da yatsa. Shi kuma, dattijo mai sanƙo da tawul a wuya, sai maimaitawa yake.

"Doka ce, Goggo. Mutum biyu. Ba ni na..."

"Kai ne mana! Ubana ne ya rubuta?"

Matar ta waiwayo, idonta ya faɗa kan Mal-sun. Ta dube ta sama da ƙasa. Caraf ta kamo hannunta.

"Ga ta ma ta iso! Haba, sai yanzu? Tun yaushe nake jiranki?"

Mal-sun ta buɗe baki. Matar ta matse mata hannu da ƙarfi.

"Mu biyu ne. Ɗaya, biyu. Ko sai na ƙirga maka da yatsun ƙafa?"

Mai gidan ya dube su, ya san ƙarya ce, su ma sun san ya sani. Ya goge sanƙonsa da tawul.

"Tebur na shida."

Suna zama matar ta fashe da dariya har tana dukan cinya.

"Kin ga fuskarsa? Gida nawa suka kore ki?"

"Uku."

"Ni biyu. Sunana Ok-bun, daga Incheon. A shekarar wace dabba aka haife ki?"

"Mal-sun. Shekarar Doki."

"Ni Biri. Kin ba ni shekara biyu, Yaya ce ke. To Yaya, zuba mana ruwa ba naki ba ne, kawo butar."

Aka kawo kasko, aka kunna wuta. Mal-sun ba ta jira kaza ta nuna ba, ta ja kwanon shinkafa da ɗan kimci, kabejin nan mai tsami da yaji, ta fara turawa. Loma uku, huɗu, rawar hannun ta lafa. Ok-bun kuwa baki bai huta ba, tana juya kabeji tana zuba.

"Da 'yata za mu ci, wai ta biya awo asibiti, layi ya riƙe ta. Wata takwas, cikin fari. Na ce mata ni ba zan zauna da yunwa ba, ta same ni a nan. Yaya, ke ma wasa kika zo kallo?"

"Eh."

"Wanne?"

"Na ƙarfe bakwai. Na gidan da ke ƙasan kantin littattafai."

Ok-bun ta ajiye ludayi ta tafa hannu.

"Kai! Ashe tafiyarmu ɗaya! Wane layi?"

"Na ƙarshe."

"Haba, me za ki gani daga can? Bari 'yata ta zo, a nema miki gaba. Muna da hanya, surukina ne babban ɗan wasan."

Mal-sun ta ci gaba da tauna.

"Wanne daga ciki?"

"Mai tuƙa kwalekwale mana. Shi ne a jikin hoton da aka liƙa ko'ina."

Mal-sun ta daina tauna. Ta san hoton. Sau nawa ta buɗe shi a wayarta, ta faɗaɗa fuskar da yatsu biyu. Ta kurɓi ruwa.

"Ai... na ji an ce mutum biyu ke yin mai kwalekwalen. Yau wannan, gobe wancan."

"Haka ne. Amma yau nawa ne. Ɗayan ai bai iya komai ba, sai tsawo. Tsaya ki gani."

Ok-bun ta zaro waya, ta nesanta ta da fuska tana ƙanƙance ido.

"Na manta tabarau a gida, komai hazo-hazo nake gani. Yauwa, ga shi. Ranar da na cika hamsin da biyar ne."

Ta miƙo.

Ok-bun ce a hoton da hular takarda a ka. A bayanta wani ya rungumo kafaɗunta, ya ɗora haɓa a kanta, yana dariya har haƙorinsa na gefe da ya karye a keke yana ɗan shekara tara ya fito.

Du-yeol.

Ya yi ƙiba kaɗan. Ya tara gashi.

"Kyakkyawa ko?"

"Yaushe... yaushe aka yi auren?"

"Shekara uku ke nan. Da farko na ƙi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce ɗan wasa? Me za ku ci, tafi? Amma Yaya, yaron nan ko ɗan da na haifa albarka. Shi ke kai ni asibiti. Shi ke tausa min ƙafa. Umma kaza, Umma kaza."

Umma.

Mal-sun ta mayar mata da wayar a hankali.

"Danginsa sun zo bikin?"

Ok-bun ta girgiza kai, ta rage murya.

"Wane dangi? Maraya ne, Yaya. Gefensu abokan wasansa ne suka cika kujeru. Uban tun yana firamare ya rasu."

"Uwar fa?"

"Ita ma ta bi shi. Shekara bakwai ke nan."

Kaskon yana ta ƙara, mai yana tsalle. A teburin kusa wasu ɗalibai suka kwashe da shewa. Mal-sun ta ji kamar daga cikin rijiya take jiyo su.

"Ta mutu," ta faɗa.

"Ta mutu, baiwar Allah."

"Shi ya ce ta mutu?"

"To wa zai faɗa in ba shi ba?"

"Me ya kashe ta?"

"Ba ya son maganar. Ya ce dai farat ɗaya ne. Da safe yana da uwa, kafin yamma babu. Ci mana Yaya, kazar ta nuna. Ga cinya."

Ta ɗora mata tsoka a kan shinkafa. Mal-sun ta zuba wa tsokar ido.

"Ina kabarinta?"

"Wai can garinsu, bakin teku. Na ce ya kai mu mu gaishe ta, ya ce ba yanzu ba. Ni kuma ba na matsa masa. Amma duk shekara muna yi mata abincin tunawa, ni da kaina nake shiga kicin. Sha ɗaya ga watan uku, ba mu taɓa tsallakewa ba."

Sha ɗaya ga watan uku.

Ranar ana ruwa. Ta watso masa jakarsa tsakar gida, littattafai suka jiƙe. Ya durƙusa a cikin ruwan yana cewa Umma ki saurare ni, sau ɗaya kawai. Ita kuma tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, in ka fita gidan nan ka ɗauka uwarka ta mutu yau, ko a hanya ka gan ni kada ka gaishe ni. Ta ja ƙofa ta sa sakata.

Ita ta faɗa. Da bakinta. Amma wace uwa ce ba ta faɗin irin wannan? Wane ɗa ne yake ɗauka ya rubuta ranar?

"Za ki ga tausayi," Ok-bun ta ci gaba. "Ya jera kwanuka, ya ajiye hotonta, wani tsohon hoto tana yarinya da dogon gashi, ya sunkuya har ƙasa sau biyu. In ya ɗago ido jawur. Kuma dole sai an yi ƙanzo. Ya ce duk duniya ba abin da take so kamar ƙanzo, kullum ita ke kankare tukunya, ta zuba ruwan zafi ta sha."

"Ba son ƙanzo take ba."

"Na'am?"

"Na ce ba son ƙanzo take ba!" Mal-sun ta buga cokali a tebur. "Shinkafar ce ba ta isar mutum biyu! Wa ke son ƙanzo shekara goma sha biyar? Haƙoran ƙarfe gare ta?"

Ɗaliban suka waiwayo. Mai gidan ya leƙo daga bayan kanta.

Ok-bun ta saki baki.

"Yaya, ke ya aka yi kika sani?"

Mal-sun ta ɗauki kofi, babu ruwa a ciki, ta kai baki duk da haka.

"Kowace uwa haka take."

"Haka ne kuma." Ok-bun ta yi ajiyar zuciya. "Kin tuna min da tawa uwar. Ke ma kina da ɗa ko?"

"Ina da."

"Yana ina?"

"Ya yi nisa."

"Yana kira dai?"

"Ba ya kira."

"Kai, 'ya'yan yanzu! Bar shi, zai gani a ƙwaryarsa. Shi ya sa nake ce wa 'yata ta riƙe mijinta da kyau. Yaron da yake yi wa matacciya haka, ina ga tana raye? Wallahi wani lokacin har haushin matar nake ji. Ta sha wahala ta raine shi, ta tafi ba ta ga ranar da mutum ɗari biyu suka miƙe suna tafa masa ba. Da tana nan da ita ce a layin gaba, ba ni ba."

"Wataƙila ba za ta zo ba."

"Haba dai!"

"Wataƙila muguwa ce."

"A'a, Yaya, kada ki zagi mamaci. Sunanta ma za su saka wa jaririyar, mace ce aka gani a hoton asibiti. Na ce sunan ya tsufa, za a yi wa yarinya dariya a makaranta, ya ce ko harafi ɗaya ne sai an ɗauko. Wai Sun. Ni har yau ban riƙe cikakken sunan ba, Sun wani abu, ko wani abu Sun..."

Ta tsaya. Ta ƙanƙance ido ta matso da fuska ta saman kaskon.

"Ke ma ai Sun ce ko? Ikon Allah. Kuma tun ɗazu nake cewa kina min kama da wani. Nan wajen, goshin nan da haɓar."

Mal-sun ta jawo jakarta.

"Zan tafi."

"Ina? Ko rabi ba mu ci ba! Ba a ma soya mana shinkafar ƙarshe ba."

"Na ƙoshi."

"To tsaya 'yata ta zo a canja miki kujera."

"Na fasa kallon."

"Kin fasa? Daga ina ma kika ce kin zo?"

"Ban ce ba."

Ta dafa tebur za ta miƙe, gwiwar ta ƙi. Ta sake yunƙurawa, ta cije leɓe. Abin haushi, a garin nan yau ko tashi ta bar wuri da mutuncinta ya gagara.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

"Yauwa, ga ta nan! Da-som! Nan, tebur na shida!"

Wata matashiya ce ta shigo, doguwar riga ruwan toka, ciki ya fito sosai, hannu ɗaya a ƙugu. Tana murmushi tana ratsa tebura.

Mal-sun ta san tafiyar nan. Ta san fuskar nan.

Yarinyar Seoul.

Wadda take zuwa rumfarta duk bayan wata biyu ko uku, ta sayi busasshen kifin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, ta ƙi karɓar ragi. Ta zauna a kan akwatin kifi tana tambaya, Mama ya gwiwa, Mama kina shan maganin kuwa, Mama wa ke kai ki asibiti. Zuwanta na ƙarshe har Mal-sun ta shafa cikin, ta ƙulla mata ganyen teku kyauta, ta ce ki ajiye na miyar jego, ki gaida mijin naki da ba ya rako ki.

Da-som ta iso taku uku daga teburin. Ta ɗago ido.

Murmushin ya ɗauke. Jakar asibitin da ke hannunta ta zame ta faɗi, takardu suka watse a ƙasa.

"Ke, lafiya?" Ok-bun ta miƙe. "Cikin ne? Zauna, zauna! Ga Yaya Mal-sun, yanzu muka haɗu, ita ta cece ni daga yunwa. Gaishe ta mana."

Da-som ba ta motsa ba. Idonta yana kan Mal-sun.

"Mama..."

"Na'am, ga ni. Mene ne?"

"Ba ke nake kira ba."

Ok-bun ta dubi 'yarta. Ta dubi Mal-sun. Ta sake duban 'yarta.

"Ban gane ba. Kun san juna ne?"

"Tun yaushe?" Mal-sun ta tambayi Da-som. "Tun yaushe kika sani?"

"Mama, don Allah, zan yi miki bayani, amma ba nan ba. Shi bai san ina zuwa wurinki ba. Bai san komai ba."

"Wai wa? Wa bai san me ba?" Ok-bun ta ɗaga murya. "Ku yi min magana mana!"

Da-som ta waiwaya ƙofa da sauri, ta juyo, hawaye ya zubo mata. Ta kamo hannun Mal-sun da hannu biyu.

"Akwai ƙofar baya ta kicin. Tashi, Mama, na roƙe ki. Du-yeol ne ya rako ni, yana nan waje, waya ya tsaya amsawa."

Ƙararrawar ƙofa ta sake kaɗawa.